Ajiyar kuɗi rashin bangaskiya ne? Ina iyakar tanadi da dogara ga Allah?

Ayuba Kagoro ya rubuta:

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. An ɗora mini jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na Zumuntar Maza a wata mai zuwa, a kan wadar zuci, kuma ina neman taimakon waɗanda suka fi ni sani.

A Matiyu 6:25-34 Yesu ya ce kada mu damu da abin da za mu ci ko abin da za mu sa. A aya ta 19 ma ya hana tara wa kai dukiya a duniya. Amma Karin Magana 6:6-8 ta tura rago wurin tururuwa, wadda take tara abincinta tun da kaka, 1 Timoti 5:8 kuma ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Mazan da za su zauna malaman makaranta ne, da 'yan acaɓa, da manoma, da 'yan fansho. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, albashin da yawa daga cikinsu ba ya kai su ashirin ga wata. Wasu na cewa duk mai ajiya a banki ko mai zubin adashi bai dogara ga Allah ba. Wasu kuma neman kuɗi ya cinye su, ko ran Lahadi suna kan hanya.

Ta yaya mutum zai gane tanadi yake yi, ba bautar kuɗi ba? Ina son abin da magidanci zai kama ya yi aiki da shi ranar da kuɗi ya shigo hannunsa.

Fasto Dauda ya amsa:

Ɗan'uwa Ayuba, salama. Ayoyin nan ba sa karo da juna. Ka fara da sa mazan su buɗe Fitowa 16 da Farawa 41 a lokaci guda.

A jeji an ce wa Isra'ilawa kowa ya tara manna, wato abincin da Allah yake saukar musu, ta yini ɗaya kawai. Waɗanda suka ɓoye saura zuwa safiya, sai ta yi tsutsa ta yi wari. Amma a rana ta shida an umarce su su tara ninki biyu saboda Asabar, wannan kuwa ta kwana lafiya ƙalau. Abinci iri ɗaya, ajiya iri ɗaya, ranar Talata rashin biyayya, ranar Jumma'a biyayya. A Masar kuma Allah ne ya ba Yusufu hikimar karɓar kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara 7, rumbunan nan ne suka ceci Masarawa da gidan Yakubu. Joshuwa 5:12 ta ƙara wani abu da ake yawan tsallakewa: da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana, manna ta tsaya. Daga nan sai noma, da girbi, da rumbu. Wanda yake zaune a ƙasar noma yana jiran manna bai fi kowa bangaskiya ba, bai karanta labarin zuwa ƙarshe ba ne.

Sai mai arziki na Luka 12:16-21. Bai yi sata ba, gonarsa ce ta yi albarka. Laifinsa yana cikin zancen da ya yi da kansa: ya ce wa ransa ya huta, ya ci, ya sha, don yana da kayan shekaru masu yawa. Babu Allah a lissafinsa, babu maƙwabci, ya kuma ɗauka cikar rumbu ita ce tabbacin tsawon rai. Ka nuna musu cewa rigimar gādo tsakanin wa da ƙane ce ta jawo wannan misali, a aya ta 13. Da wuya a rasa mutum a zumuntarku da bai san irin wannan rigima a kan gona ko fili ba.

Bulus kuwa daga kurkuku ya rubuta Filibiyawa 4, ya ce koyon wadar zuci ya yi, ya san zaman rashi ya san zaman yalwa. Aya ta 13 da muke rubutawa a bayan mota, a wurin take: ƙarfin jure yunwa da ƙarfin riƙe ƙoshi ba tare da lalacewa ba. Duk da haka mutumin nan ya ɗinka tanti a Koranti tare da Akila, ya kuma yi godiya a kan taimakon da Filibiyawa suka aiko masa. A 1 Timoti 6 ma, son kuɗi ne tushen mugunta, masu ƙudurin sai sun yi arziki ne suke faɗawa tarko. Da ya juya ga masu arzikin da ke cikin ikkilisiya, a aya ta 17 zuwa 19, bai ce su watsar da dukiyarsu ba. Ya ce kada su yi girmankai, kada su sa zuciya ga abin da ba shi da tabbas, su zama masu buɗaɗɗen hannu.

Saboda haka ba a yawan abin da ke asusu ake gane dogara ba. Mai naira dubu biyu zai iya zama bawan kuɗi fiye da mai miliyan biyu. Abin da zan ba mazan su tambayi kansu shi ne: me na yarda in aikata domin kuɗi ya shigo? Tauye mudu, algus, karɓar na goro a ofis, taɓa kuɗin ikkilisiya da niyyar mayarwa, duk suna nuna wa ake bauta wa. Na biyu, wane umarnin Allah nake ƙin bi don kada kuɗin ya ragu? Uwa na kwance ba magani, ga kuɗi a asusu, ana cewa na fili ne. Na ukun shi ne mai wuya: akwai adadin da in na kai zan ce ya isa? Agur ya roƙi Allah a Karin Magana 30:8-9 kada ya ba shi talauci ko wadata, ya faɗi dalili, cewa ƙoshi na iya sa shi musun Allah, yunwa kuma ta sa shi sata. Mutumin da ba shi da "ya isa" ko nawa aka ƙara masa damuwarsa na nan.

Mama Saratu ta amsa:

Na gode Fasto. Ɗana Ayuba, ga ɓangaren lissafi, don "ya isa" ɗin nan sai an rubuta shi a takarda yake zama gaskiya.

Wata ɗaya cur, miji da mata su rubuta duk naira da ta fita: cefane, kuɗin mota, katin waya da data, gawayi ko gas, magani, gudummawar biki, anko. Kada a gyara komai a watan farko, a rubuta kawai. Abin da ke ɓata wannan mataki shi ne ɓoye-ɓoye, miji bai faɗi ainihin albashinsa ba, mata ba ta faɗi adashin da take zubi ba, sai lissafin ya fito ƙarya tun daga tushe. Ƙarshen wata a raba abin da aka rubuta gida biyu, na dole da na sha'awa. Jimlar na dole, haɗe da rabon wata na kuɗin haya da na makaranta, ita ce "ya isa" ta gidan a wannan shekara.

Misali, gida mai samun ₦150,000 a wata, haya ₦240,000 a shekara, kuɗin makaranta ₦60,000 kowane zango. Haya ta zama ₦20,000 a wata. Zango uku ₦180,000 ne, wato ₦15,000 a wata. Wannan ₦35,000 ba na gidan ba ne ko da yana hannunsu, na mai gidan haya ne da na makaranta. A ware shi ranar da albashi ya shigo, tare da abin da aka ƙudura bayarwa ga Ubangiji, kafin a je kasuwa. Yawancin bashin da ke kama magidanta a watan Satumba da Janairu ba tsautsayi ba ne, kuɗi ne da aka san ranar biyansa tun shekara guda. Bayan haka a ware na ko-ta-kwana, ko da ₦5,000 ne. Burin farko a tara abin da zai ciyar da gida wata ɗaya, daga baya wata uku. Idan ya cika, a tsaya. Abin da ya biyo baya sai a yi shawara a kansa cikin addu'a: jari, karatun yaro, ko taimakon wani. Tsayawar nan ce bambancin tanadi da tarawa.

Inda ake ajiyewa ma da magana. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. Ma'ana ₦100,000 da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa shekara guda, abin da zai saya bai wuce na kusan ₦75,000 ba. Banki ma kan rushe: a watan Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank. Hukumar NDIC tana ba da inshora har ₦5,000,000 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, ₦2,000,000 a ƙananan bankuna masu lasisi. Adashi ba shi da wannan kariya. Idan za a yi, a rubuta sunaye da jerin ɗauka, kowa ya sa hannu, kada zubin ya wuce abin da mutum zai iya biya a watansa mafi wuya. Inda adashi ke mutuwa sananne ne, waɗanda suka ɗauka da farko su ja ƙafa, na ƙarshe ya tashi a tutar babu.

Abin da ya fi cin 'yan'uwa shi ne neman ninki cikin gaggawa. MMM, wata kafar zuba kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Wata irinta, CBEX, ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ta rushe a Afrilun 2025. Ka sa mazan su yi lissafin da kansu: kashi 30 a wata, in ana mayar da ribar ciki, ₦100,000 zai haura ₦2,300,000 a shekara. Wace sana'a ce ke ba da haka? Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da shi, shi ya sa ake matsa maka ka kawo mutane, kuma shi ya sa irin wannan abu ke yaɗuwa da sauri a majami'a, inda aka yarda da juna. Wanda ya ci riba da wuri ma kuɗin ɗan'uwansa ya ci. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Karin Magana 13:11 ta ce mai tarawa kaɗan-kaɗan ne nasa ke ƙaruwa.

Haka bashin manhajar waya. Idan ka karɓi ₦50,000 za ka biya ₦60,000 bayan mako biyu, ruwan kashi 20 ne. Mako biyu-biyu sau 26 ne a shekara, ya zama kashi 520. In ka makara kuma wasunsu kan bi lambobin da ke wayarka suna tona maka asiri. Tsaya wa wani a bashi ma, kada ka sa hannu a kan adadin da ba za ka iya biya da kanka ba, Karin Magana 22:26-27 ta ce har gadon da kake kwance a kai za a ɗauke. Cacar ƙwallo kuwa ko an yi addu'a a kan tikitin caca ce.

Malam Yohanna ya amsa:

Mama, lissafinki na masu albashi ne. Manomi sau ɗaya yake karɓar nasa a shekara, kuma a buhu. Nasa tsarin daban ne.

Kafin a sayar da ko mudu ɗaya, uwargida ta faɗi mudu nawa ake ci a mako. In 10 ne, a shekara 520 ke nan. A auna buhu guda da mudun gidan don a san buhu nawa wannan zai zama, a ƙara iri, a ƙara wani abu saboda baƙi da mabukata, a fitar da na Ubangiji. Abin da ya rage shi ne na kasuwa. Kuskuren da ake maimaitawa kowace shekara: a sayar da yawa a Nuwamba da Disamba lokacin da hatsi ya fi araha, saboda kayan Kirsimeti da bukukuwa, sannan a Yuli da Agusta a koma saye da tsada, ko a ci bashin da za a biya da buhu a kaka mai zuwa. Wanda ya shiga wannan zagaye yana noma wa wani ne.

Ajiyar ma sai an iya. Hatsi ya bushe sosai. A zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. Sai a zuba a buhun PICS, buhun ajiyar hatsi da iska ba ta shiga, leda biyu ne a ciki da buhu a waje. A duba ba huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada a riƙa buɗewa. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, ba a bukatar magani. Huji ɗaya ya isa ya ɓata wake buhu guda.

Amma Fasto, akwai iyakar da nake so a ja wa manoma da 'yan kasuwa. Ajiye abincin gida tanadi ne. Jira da rarar ka har farashi ya gyaru, ban ga laifinsa ba. Kulle sito alhali unguwa na yunwa, ana jiran tsadar ta ƙara tsanani, wannan Karin Magana 11:26 ta ce jama'a za su la'anci mai yin sa. Kuma ba tabbas a cikinsa: a 2025 farashin masara ya faɗi ƙwarai, da yawa daga waɗanda suka saya suka ɓoye, wasu ma da kuɗin bashi, sun sayar ƙasa da yadda suka saya.

Ayuba Kagoro ya rubuta:

Na gode, iyayena. Saura abu biyu da na tabbata za su taso. Akwai masu wa'azin da ke cewa a shuka iri na kuɗi, Allah zai mayar riɓi ɗari, har ana cewa wanda ya ba da kuɗin haya shi ne mai babbar bangaskiya. Sannan mai bashi a wuya, zakka zai fara fitarwa ko bashin zai fara biya?

Fasto Dauda ya amsa:

Riɓi ɗarin daga Markus 10:29-30 ake ɗauko shi. A karanta shi duka. Maganar waɗanda suka bar gida da dangi da gonaki saboda Yesu da bishara ce, abin da za su samu kuma ya haɗa da 'yan'uwa da iyaye riɓi ɗari, tare da tsanani. Iyalin ikkilisiya ake nufi, ba ribar jari ba. Shukar da ke 2 Korintiyawa 9:6 kuwa gudummawa ce da ake tara wa matalautan masu bi na Urushalima, ba ta shiga aljihun mai wa'azi ba, har Bulus ya sa ikkilisiyoyi su zaɓi wanda zai raka kuɗin don kada a zarge shi. A 8:12-13 ya ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata wa masu bayarwa ba. Wanda ya ba da ₦10,000 don a mayar masa miliyan, har yanzu kuɗi yake bi, hanya kawai ya sauya. Bitrus ya tsawata wa Siman a Ayyukan Manzanni 8:20 don ya zaci ana sayen baiwar Allah da kuɗi. Elisha ya ƙi karɓar komai daga Na'aman bayan warkarwa, Gehazi da ya bi shi a baya ya karɓa kuturta ya samu. Kuɗin haya da na maganin iyaye ba na shuka ba ne. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsauta wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah.

Batun zakka, ikkilisiyoyinmu ba su da baki ɗaya. Wasu na riƙe da Malakai 3:10 cewa kashi ɗaya cikin goma wajibi ne a kowane hali, wasu na tsayawa a 2 Korintiyawa 9:7, kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa. Kada ka bari wannan muhawara ta cinye zaman. Ga abin da nake ganin kowa zai yarda da shi. Ba a cin bashi don a ba da zakka ko baiko. Ba a guje wa mai bin bashi a zo gaban majami'a a yi rawar baikon godiya, Zabura 37:21 ta kira mai ci ya ƙi biya mugu. Kada kuma mai bashi ya daina bayarwa gaba ɗaya, domin hannun da ya saba rufewa ba ya buɗewa ranar da bashin ya ƙare. Ya je wurin mai kuɗin da ƙafarsa, su yanka abin da zai riƙa biya duk wata, ya fara da bashin da ruwansa ya fi yawa. Da man wata gwauruwa mai bashi ya yalwata a 2 Sarakuna 4:7, Elisha ya ce ta sayar ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su ci saura.

Dattijo Markus ya amsa:

Ayuba, ka kula da wanda kake gaya wa ya yi wadar zuci. Da Yohanna Mai Baftisma ya ce a gamsu da albashi, a Luka 3:14, sojoji yake wa magana, masu ikon ƙwace na mutane. Ba a ɗauki ayar a rufe bakin malamin da aka riƙe wa albashin wata huɗu ko ɗan fanshon da ke bin haƙƙinsa. Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikata da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. In a zumuntarku akwai mai makaranta, mai gona ko mai shago da ke jinkirta biyan yaransa, darasin nasa ne kafin na kowa. Neman ƙarin albashi, koyon sabuwar sana'a, ko bin haƙƙi ta hanyar da ta dace ba su saɓa wa wadar zuci ba.

Mu dattawa ma da namu. Mu ne muke kiran suna da adadi a lasifika ranar gidauniya, mai dubu ɗaya ya sunkuyar da kai. Mu ne muke barin anko kala uku a biki ɗaya, da jana'izar da ke barin gwauruwa da bashin abincin baƙi. Majalisar dattawa na da ikon taƙaita waɗannan, kuma ya kamata ta yi.

Alkawarin Ibraniyawa 13:5, cewa Allah ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba, sau da yawa ta hannun 'yan'uwa yake cika shi. Saboda haka ku fita daga nazarin da asusun taimako, ko ku gyara wanda kuke da shi. A Ayyukan Manzanni 6 mutum 7 aka zaɓa musamman don rabon abincin gwauraye, saboda an yi gunaguni cewa ana tsallake wasu. Ku sa mutum uku a kai, biyu su sa hannu kafin kuɗi ya fita, fasto kada ya riƙe kuɗin. Ku rubuta tun farko abin da asusun zai ɗauka, kamar asibiti, mutuwa, gobara da kuɗin jarrabawar marayu, da mafi yawan abin da za a ba mutum ɗaya. Ku bambanta kyauta da rance a rubuce, domin rancen da ba a rubuta ba shi ke raba zumunta. A karanta rahoton shiga da fita duk wata uku, ba tare da ambaton sunan waɗanda aka taimaka ba. Manoma su kawo nasu da mudu a lokacin kaka, a zuba a buhun da Malam Yohanna ya kwatanta, a buɗe shi a watan Yuli.